Wanzamin cikin sel: muhawara a kan DNMT1 a zauren ɗalibai da ma'aikatan lafiya

Zainabu 'yar aji uku: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a agaza mini, Litinin muke da gwaji. An koya mana cewa DNMT1 shi ne enzayim ɗin, wato furotin mai gudanar da wani aiki a jiki, da ke kula da alamar metil a jikin DNA, DNMT3A da DNMT3B kuma su ne masu ɗora sabuwa. Na haddace tsaf, amma kaina ya ƙi ɗauka. In an riga an ɗora alama, kulawar me kuma take nema? Guduwa za ta yi?

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Ki zuba musu haddar ki karɓi makinki, ƙanwata. Mu ma a haka muka wuce.

Malamin Sinadarai: Kar ki biye masa, Zainabu, tambayarki ita ce ginshiƙin darasin. Alamar ba guduwa take yi ba, sirka ta ake yi. DNA igiya ce mai sili biyu, rubuce da harufa huɗu, A, T, G da C. Metil kuma ɗan ƙanƙanin abu ne, kabon ɗaya da haidirojin uku, ana liƙa shi a kan C, galibi inda G ke biye da C ɗin. Irin wannan wuri shi ake rubutawa CpG, akwai su kusan miliyan 28 a DNA ɗin mutum, kuma kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari suna ɗauke da alama. Ki lura da wani abu: in silin nan ya ce CG, abokinsa ma CG yake cewa in aka karanto shi daga ɗaya ɓangaren. Don haka alamar biyu ce, ɗaya a kowane sili.

To, ranar da sel, wato ƙaramar ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita, zai rabu biyu, sai a warware igiyar, a tufka wa kowane tsohon sili sabon aboki. Injin da ke kwafar harufa harufa kawai ya sani, bai san metil ba. Sai ya zama kowace sabuwar igiya rabinta da alama, rabinta fayau. In ba a yi komai ba, rabuwa ta gaba wasu igiyoyin ba za su sami ko ɗaya ba, a haka har alamar ta shafe. DNMT1 shi ke bin sawun injin, ya duba tsohon sili, inda ya ga alama ya ɗora irinta a sabon.

Zainabu 'yar aji uku: Allahu Akbar. Malam wallahi yanzu na ga hoton. Ke nan kwafi yake yi, ba gadi ba.

Gardi Mai Allo: Allah gafarta Malam, ni ba ɗan kimiyya ba ne, ƙanena ne ya jefo ni zauren nan. Amma abin ya yi mini kama da rubutun ajami. Mai rubutu ya fara jera baƙi da baƙar tawada, bayan ya bushe a dawo da jar tawada a bi shi da wasali. Baƙin bai canza ba, amma wasalin ne ke nuna yadda za a karanta.

Malamin Sinadarai: Misalin ya zauna, Alaramma, sai dai gyara ɗaya. Wasali buɗe wa harafi baki yake yi. Metil kuwa, in ya taru a ƙofar ƙwayar gado, wato yankin DNA mai ɗauke da umarni guda, yawanci rufe mata baki yake.

Gardi Mai Allo: To ai muna da wannan ma. Ɗauri ke nan.

Malamin Sinadarai: Na karɓa. Daga yau da ɗauri zan koyar.

Anti Nas: Ni kuwa wanzami ya faɗo mini. Uba da zane a fuska, amma ɗa ba ya zuwa duniya da zane. Sai wanzami ya zo ranar suna ya yi masa irin na gidansu. Kakata 'yar Gobir ce, fuskarta cike take. Mahaifina an yi masa. Mu da aka haifa a birni ba a kira wanzami ba, ga shi ko ɗigo babu a fuskar 'ya'yana. Ba wanda ya goge na kaka, bari aka yi kawai.

Malamin Sinadarai: Anti, kin gama darasin. Abin da kika faɗa a ƙarshe ma yana da suna a littafi, shi ne gushewar alama ba tare da an goge ba, kuma ya bambanta da gogewa da gangan, wadda enzayim ɗin TET ke farawa, aikin da aka gano a 2009. A misalinki DNMT3A da DNMT3B su ne wanda ya fara tsara zanen gida, DNMT1 kuma wanzamin da ke maimaita shi a kowace haihuwa. Har mai kiran wanzami akwai. Wani furotin ne, UHRF1, wanda aka gano rawarsa a 2007. Shi ke laluben inda alama take a sili ɗaya kawai, ya maƙala wata shaida a kan histon, wato dunƙulen furotin da DNA ke naɗewa a jiki, sai DNMT1 ya ga shaidar ya zo. Kuma DNMT1 da askarsa a kube yake yawo. Wani sashe na jikinsa mai suna RFTS yana toshe bakin aikin, sai ya kama waccan shaidar sannan ya kauce. Ki riƙe sunan RFTS, Zainabu, za mu dawo kansa.

Sarkin Gardama: Ni fa ban ga abin hayaniya ba. DNA ɗin yana nan, harufansa cif. Kwalliya ta goge, sai me?

Likitan Jini: Sai mutuwa, Sarki. A 1992 En Li da Timothy Bestor da Rudolf Jaenisch suka lalata ƙwayar gadon DNMT1 a ɓeraye. Ko ɗaya ba a haifa da rai ba, tun a tsakiyar goyon ciki suke mutuwa. Ka tambayi kanka: sel ɗin hantarka da na idonka DNA ɗaya ne da su. Me ya hana hanta in ta sabunta kanta ta manta ita hanta ce? Kowane irin sel ya rufe ƙofofin da ba nasa ba, kuma dole 'ya'yansa su gaji rufin. Ban da haka, wajen kashi 45 cikin ɗari na DNA ɗinmu ragowar wasu guntaye ne masu iya kwafar kansu su tsallaka wani wuri. Metil na cikin abin da ke danne su. A ɗaga ɗaurin, su fara motsi, kuromosom, wato ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki, ya fara karyewa.

Malamin Sinadarai: Abin burgewa, tunanin ya riga gano enzayim ɗin. A 1975 Robin Holliday da John Pugh a Ingila, da Arthur Riggs a Amurka, kowa ta hanyarsa, suka rubuta cewa dole akwai mai kwafar alamar nan. Sai 1988 Bestor ya fito da ƙwayar gadon daga ɓera. Shekara 13 ana jiran wanda aka riga aka siffanta.

Shugaban Zaure: Wanda ya turo tallan man gashi, na goge. Gargaɗi na ƙarshe ke nan. A ci gaba.

Baban Ummi: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, ni direba ne, shiru nake yi a zauren nan ina karatu. Na ga Dakta ya shigo ne. 'Yata tana da sikila, shekararta tara. Wani yaro mai karatun likita a unguwarmu ya taɓa ce mini akwai maganin da ke taɓa wannan DNMT ɗin ya dawo wa mutum da jinin jarirai. Gaskiya ne ko labarin shayi ne?

Likitan Jini: Wa alaikumus salam, Baban Ummi, Allah ya ba Ummi lafiya. Yaron bai yi ƙarya ba, amma maganar da tsawo, ka ba ni hankalinka. Ka tuna wata nawa Ummi take da shi lokacin da ciwon ya fara nunawa?

Baban Ummi: Wata bakwai. Hannunta da ƙafarta suka kumbura, muka ɗauka sammu ne, Allah ya yafe mana. Kafin nan lafiyarta lau.

Likitan Jini: To wannan lafiyar ta farko ita ce maganar. Jariri a ciki yana da nasa himogulobin daban, wato furotin da ke ɗaukar iska a jan sel na jini, muna rubuta shi HbF. Wannan ba ya lauje jan sel, hasali ma yana hana na sikila dunƙulewa. Wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948, ta ga jinin jariran masu sikila ba ya laujewa kamar na manya. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe ƙwayar gadon HbF a hankali ya buɗe ta manya, wadda a wurin Ummi ita ce mai matsalar. Wajen wata shida canjin ya yi nisa, shi ya sa kumburin ya zo a lokacin da ya zo. Ƙwayar gadon HbF ɗin tana nan a jikin Ummi yau, lafiyarta ƙalau, kulle kawai take. Kuma DNMT1 na cikin masu sabunta kullen duk lokacin da ɓargo ya yi sabon sel.

Saboda haka tun 1982 Joseph DeSimone da abokan aikinsa a Shikago suka ba birai irin bika wani magani, azasitidin, HbF ɗinsu ya yi sama sosai. A shekarar Timothy Ley da abokansa suka gwada shi a kan wani mai cutar talasimiya, wata cutar jini ta gado, daga baya aka gwada a masu sikila, ya yi aiki. Aka ja baya saboda tsoron kar ya jawo cutar kansa in an daɗe ana sha. Neman madadinsa ne ya kai ga haidroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi don sikila a 1998.

Baban Ummi: Shi Ummi take sha! Kullum ƙwaya ɗaya. Ashe dangin juna ne.

Likitan Jini: Dangi a manufa, amma ba hanya ɗaya suke bi ba. Haidroksiyuriya ba DNMT1 yake kamawa ba. Kuma kar ka raina shi. A nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka yi babban gwajin da aka buga a 2022 a kan amfani da shi don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ilimin nan da yaranmu aka samo shi.

Zainabu 'yar aji uku: Dakta, shi azasitidin ɗin ta yaya yake hana enzayim aiki? An ce mana tarko ne, ban gane ba.

Malamin Sinadarai: Bari in amsa, Dakta ya sha ruwa. In DNMT1 zai yi aiki, sai ya fizgo harafin C daga cikin igiya ya sa shi a aljihunsa, ya riƙe shi gam ta kusurwa ta shida, ya karɓo metil daga wani sinadari da ake kira SAM ya liƙa a kusurwa ta biyar, sannan ya saki. Sakin ba ya yiwuwa sai in kusurwa ta biyar kabon ce. Azasitidin da ƙaninsa desitabin C ne na jabu, an sa musu naitirojin a wannan kusurwar. Sel ya ɗauke su ya tufka cikin sabon DNA, enzayim ya zo ya kama, hannu ya maƙale. Sai sel ya farfasa shi. Wanzami ya ƙare a gari, haihuwa ta gaba babu zane. A Prague aka haɗa maganin a 1964 da niyyar kashe sel ɗin cutar kansa kai tsaye. Sai 1980 Peter Jones da Shirley Taylor suka nuna cewa metil yake ragewa.

Baban Ummi: To Dakta a ina ake samu? Ko nawa ne zan nema, ko motar zan sayar.

Likitan Jini: Tsaya nan, Baban Ummi, don Allah. Abin da nake tsoro ke nan tun da ka yi tambayar. Desitabin da ke kasuwa maganin cutar ɓargo ne da kansar jini, Amurka ta amince da azasitidin a 2004, desitabin a 2006, kuma ba don sikila ba. A wancan awon yana kayar da fararen sel masu yaƙi da cuta, yaro mai sikila kuwa dama saifarsa ba ta aiki sosai, zazzaɓi ɗaya zai iya tafiya da shi. Yana kuma illata ɗan tayi. Abin da ake gwadawa don sikila ɗan mitsitsin awo ne, haɗe da wani magani da ke hana hanji da hanta narkar da shi kafin ya isa jini. A 2017 aka buga gwajin farko, manya 25, sau biyu a mako na mako takwas, kuma a awo mafi girma HbF ya ƙaru, jini ma ya ƙaru. Labari ne mai daɗi, amma gwaji ne na matakin farko, a kan manya. Duk wanda ya ce zai sayar maka da shi don Ummi, ɓarawo ne ko mahaukaci.

Anti Nas: Ka ji dai, Baban Ummi. Na taɓa karɓar wani yaro da aka yi wa allurar da babansa ya saya a hannun wani ɗan kasuwa, ko sunanta ba mu iya karantawa ba. Ba zan faɗi yadda ta ƙare ba.

Baban Ummi: Na ji, Anti. Zuciya ce. In ka ga yarinya tana birgima da ciwon ƙashi ƙarfe biyun dare, komai aka ce maka sai ka yarda.

Sarkin Gardama: Allah ya ba ta lafiya. Amma ni yanzu kun rikita ni. Da farko kun ce in babu enzayim ɗin mutuwa ce. Yanzu kun ce kashe shi magani ne. Wanne za mu ɗauka?

Likitan Jini: Duka. Gishiri ne, Sarki. Dubi cutar kansa ma. A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka nuna cewa sel ɗin kansa ya yi asarar metil in aka kwatanta da lafiyayyen da ke gefensa. Daga baya kuma aka ga a cikin wannan sel ɗin dai, ƙofofin ƙwayoyin gadon da ke taka wa sel birki, irin su p16 da MLH1 da BRCA1, an lafta musu metil an rufe. Inda ya kamata a ɗaure an kwance, inda ya kamata a kwance an ɗaure. Shi kuwa DNMT1 ba ya tambaya. Abin da ya tarar shi yake kwafa, daidai ne ko kuskure. Kuskure ɗaya ya shiga, zai raka shi har jikoki. Maganin yana yanke wannan rakiyar ne, birki ya dawo.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yi mana katutu a Arewa, tana da furotin mai suna HBx da aka nuna yana ƙara yawan DNMT1 a sel ɗin hanta. Yana cikin hanyoyin da ake danganta ta da kansar hanta. Rigakafinta kyauta ne ga jarirai, a ranar haihuwa ake fara shi.

Malamin Sinadarai: Ɗan tsokaci don masu son tarihi. Timothy Ley ɗin nan na 1982, shi ne dai ya jagoranci rahoton 2010 da ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu wata kansar jini, AML, suna da tawaya a DNMT3A. Shekara 28 tsakani, ya sake faɗowa gida ɗaya ta wata ƙofar.

Ɗan Damagaram: Ina wuni jama'a, daga Zinder. Malam ya ce a riƙe RFTS, har yanzu ba a dawo ba. Ni ina jira.

Malamin Sinadarai: Madalla da mai tuni. Akwai mutanen da ake haifa da tawaya a ƙwayar gadon DNMT1 kanta, tana kan kuromosom na 19, kuma tawayar a sashen RFTS take taruwa, wato kuben askar. Cuta biyu aka siffanta. Ta farko a 2011, daga Christopher Klein da abokansa a Mayo Clinic, ana ce mata HSAN1E. Mutum ya tashi lafiya, daga shekara ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu ji ya fara raguwa, ƙafa ta daina jin zafi da taɓi har gyambo ya kama, sannan tunani ya fara gushewa. Yawanci ba sa wuce shekara hamsin da 'yan kai. Ta biyu a 2012, ADCA-DN: kurumta, tangaɗi wajen tafiya, da barcin da ke kamun mutum farat ɗaya da rana tsaka. Furotin ɗin da ya sami tawayar ba ya naɗuwa daidai, yana saurin lalacewa, tsarin alamar ya hargitse.

Zainabu 'yar aji uku: Malam tsaya. Sel ɗin ƙwaƙwalwa ai ba ya rabuwa. In aikin DNMT1 kwafi ne lokacin rabuwa, me ya kai cutarsa jijiya da ƙwaƙwalwa? Da na ɗauka jini ko fata za ta kama.

Malamin Sinadarai: Wannan tambayar ta fi gwajin Litinin. Gaskiya ne ba ya rabuwa, amma DNMT1 na nan da yawa a cikinsa. DNA na samun rauni kullum, ana yanke wurin a cike da sababbin harufa marasa alama, ga TET na gogewa a gefe, don haka ko babu haihuwa akwai gyaran zane. Kuma sel ɗin jijiya shi ke nan har tsufa, ba a canza shi, ƙaramar ɓarna ta shekara talatin a kansa take taruwa. Ki rubuta "kwafi" a gwaji, amma ki san rabon aikin da ke littafinku an sauƙaƙa shi. DNMT3A da DNMT3B ma suna taya cike gurbin da DNMT1 ya tsallake.

Ɗan Damagaram: Kawuna ya kurumce, ƙafarsa da gyambo shekara uku. Kuma iyayensa 'yan wa da ƙane ne. Ko ita ce?

Likitan Jini: Kar ka yi saurin kai shi can. Cutar nan 'yan gidaje ƙalilan aka sani da ita a duniya. A wurinmu ƙafar da ta daina ji, a fara auna suga, a duba kuturta, a tambayi irin allurar da aka taɓa yi masa, don wasu magungunan tarin fuka na da suna kashe ji. Batun auren zumunta kuma, ba ruwansa da waɗannan biyun. Kwafi ɗaya mai tawaya ya isa, daga uwa ko uba, kowane ɗa rabi da rabi ne, kuma za ka ga cutar tana bin gida daga kaka zuwa uba zuwa ɗa. Wadda auren zumunta ke ƙara wa hatsari ita ce ICF, ta DNMT3B, da aka gano tushenta a 1999. Ita sai an gaji tawaya ta ɓangare biyu kamar sikila, kuma tun yarinta take nunawa da raunin garkuwar jiki.

Ɗan Damagaram: Suga kam yana da shi. Na gode, Dakta.

Sarkin Gardama: Saura ɗaya. Na ga ana yaɗawa cewa yunwa da baƙin cikin da kaka ta sha suna shiga DNA jika ya gada. Ke nan yunwar 1973 tana jikinmu?

Malamin Sinadarai: A raba zancen biyu. Abin da uwa ta ci a kwanakin da ciki ya shiga yana barin shaida a jikin ɗan, wannan an auna. A Holan, waɗanda aka ɗauki cikinsu a yunwar 1944 zuwa 1945, bayan shekara sittin an tarar metil ɗin ƙwayar gadon IGF2 ya gaza na 'yan uwansu da ba su shiga yunwar ba. Kusa da mu, a ƙauyukan yankin Keneba a Gambiya, inda abinci ke canzawa tsakanin damina da rani, binciken da aka buga a 2014 ya nuna jariran da aka ɗauki cikinsu da damina sun fi metil a wasu keɓaɓɓun wurare, kuma hakan ya bi sinadaran da aka auna a jinin iyaye mata. Ba mamaki, SAM ɗin da na ambata da abinci ake gina shi, da folik asid da bitamin B12 da metiyonin. Alamar a makon farko aka ɗora ta, DNMT1 ya yi ta kwafa shekara da shekaru.

Tsallakawa zuwa jika kuwa wani zance ne. Jiki na wanke allon sau biyu, sau ɗaya a sel ɗin da za su zama maniyyi da ƙwai, sau ɗaya bayan sun haɗu. 'Yan wurare ne ke tsira daga wanki na biyu, irin waɗanda ke nuna wannan kwafin na uba ne wancan na uwa, kuma DNMT1 ne ke tsare su a lokacin. Masu bidiyon nan sun ɗauki sakamakon ɓera da tsutsa sun yafa wa mutum.

Anti Nas: Tun da an ambaci folik asid, mata ku ji. Amfaninsa wajen kare jariri daga tsagewar gadon baya a watan farko yake, kafin da yawa su san suna da ciki. Mu kuma sai wata biyar ake zuwa awo. Mai niyyar ɗaukar ciki tun kafin ya shiga za ta fara.

Sarkin Gardama: To maza mu sayi kwalba mu ma, a ƙara metil.

Likitan Jini: Ka ƙara a ina? Ƙwayar ba ta san ƙofar p16 da ta wani wuri ba. Ka ci zogale ka kwanta.

Gardi Mai Allo: Ni dai na tafi da ɗaurina.

Zainabu 'yar aji uku: Malam, in an ce a bambanta DNMT1 da DNMT3, zan iya rubuta misalin wanzami?

Malamin Sinadarai: Ki rubuta sili mai rabin alama, UHRF1, RFTS da SAM tukuna. In takarda ta rage, ki kira wanzami.

Baban Ummi: Dakta, tambaya ta ƙarshe. Shi HbF ɗin ana iya auna na Ummi a san nawa ne? Alhamis muke da ganin likita.

Likitan Jini: Ana iyawa. Ka ce a yi mata gwajin HPLC, shi ke fitar da kason HbF, ba irin gwajin jinotayif na kullum ba. In an ƙara mata jini kwanan nan ka faɗa musu, don yana rikita sakamakon. Ka kuma tambaya ko an sake auna nauyinta an daidaita awon haidroksiyuriyar, yara suna girma a bar su a kan awon shekara biyu baya. Da gwajin jijiyoyin kai na TCD, in ba a yi mata bana ba.

Baban Ummi: Tun tana shekara bakwai ƙwaya ɗaya ce ba a canza ba. Na rubuta duka a bayan rasit. Allah ya saka da alheri.